Na Wuce Surukina a Kwance

Maraɗi, daren Laraba, 1956

Sabon keken da na saya wajen Baturen gyaɗa ya ba ni kunya yau. Kishingiɗa ake yi a kansa, ƙafafu a gaba, kuma har yanzu in na tsaya faɗuwa nake.

A turbar Tsibiri na haɗu da surukina tare da dattawa biyu. Ni da nake tuɓe takalmi in durƙusa tun daga nesa, sai ga shi na wuce a kwance, tafin takalmina saitin fuskarsa.

Ya ce, "Sannu da hutawa, Mushe," kamar yadda ake kiran Baturen Faransa.

Ko murmushi bai yi ba. Hajara ta yi barci, ban gaya mata abin da na yi wa babanta ba. Gobe da sassafe zan tafi Tsibiri, da ƙafa.