Kada Ka Sake Dangwala Yatsa, Hashim

Zuwa ga sanyin idona, inuwar gawona a tsakiyar rani, ruwan Binuwai ga mai ƙishi, Hashim nawa.

Daga unguwar Djamboutou nake rubuto maka, inda komai yake nan sai kai. Garoua cike take da mutane, amma ni kamar dutsen Mindif nake, tsaye ni kaɗai a fili. Shekara huɗu ke nan da tafiyarka, masoyina! Wace irin damina ce ke yin hadari shekara huɗu ba ta zubo ba?

Ka tuna ranar da muka tsaya a kan gada muna kallon dorina, ka ciro takardar haihuwar da ɗan kamasho ya gyara maka? Shekararka sha shida, suka rubuta ashirin. Ka yi dariya, ka ce kwantiragin katako ne a kudu, kafin in ƙifta ido ka dawo. Na taya ka dariya.

Yanzu ina aiki a kantin Madam Lian, wata tsohuwa 'yar Sin, a babbar kasuwa. Jiya ta tarar da ni ina hawaye a bayan kanta, na gaya mata labarinka. Sai ta ɗauko wani tsohon hoto: yaro ne siriri, da lamba rataye a ƙirjinsa. Saurayin kakarta ne. A zamanin Turawa aka ƙara masa shekaru a takarda, aka sa shi a jirgin ruwa zuwa aikin layin dogo. Duk sanda wa'adi ya cika sai a miƙo masa sabuwar takarda. Kakar ta jira shekara tara, sannan ta auri wani, kuma har ta mutu hoton na cikin akwatinta.

Hashim, ƙanwarka Iyatu ta faɗa mini masu kwantiragin sun ce ka ƙara musu aikin shekara uku. Ina roƙonka don Allah, kada ka sake dangwala yatsa a takardarsu! Me zan yi da gidan siminti in mai gidan ya tsufa a daji? Ka dawo ko da rigar jikinka kaɗai. Akwai gonar babanka a Bibémi, ni kuma na iya fartanya.

Ba ni da hotonka ko ɗaya, ya rabin raina, kuma na fara manta yadda muryarka take. Wannan ne ke ba ni tsoro.

Taka, ba ta kowa ba, muddin ina numfashi,
Hanan