Wa Zai Riƙe wa Ƙorama Zani?

Zuwa ga jikana, mijina na ƙarya,

Kafin gaisuwa, cinko mini wannan: wace uwa ce take shayar da 'ya'yanta, su kuma suna riƙe mata zani kada ya kwance? Ajiye amsarka tukuna.

To, ina gaishe ka. Yaya aiki, yaya gajiya? Ina fatan kana cin abinci, don a hoton da ka aiko kamar tsinke aka sa wa riga. Ni da sauƙi, in ban da gwiwa da ta yi mini yaji.

Jiya kafinta ya zo ya shafa jan fenti a jikin bishiyoyin bakin ƙorama, rabon marigayi babanka. Ya ce kai ka aiko shi, katakon ƙofofin sabon gidanka kake so, umarninka kawai yake jira ya kawo zarto.

Baffanka ma haka ya sare nasa, wai rana ta samu tumatir. Ta samu kuwa. Damina ta fari ruwa ya cinye gaɓar, ya tafi da rabin lambun. Yashi ya cike gurbin da kake wanka tsirara kana kuka lokacin kana yaro. Ruwan ya yi ɗumi kamar an sauke shi daga murhu. Kifayen nan masu cin tsutsar ruɓaɓɓen ganye suka yi ƙaura ko sallama babu.

Yanzu duk tsawon ƙoramar, a inuwar bishiyoyinka kaɗai ruwa yake kaiwa ƙarshen rani. Nan nake ɗiba. In suka faɗi, sai rijiyar bayan tudu, ni kuwa na gaji. Na gaji da bokiti, na gaji da gaya wa masu gemu abin da kwaɗo ma ya sani.

Da kafintan ya juya baya, na ɗauki wuƙar girki na yini ina kankare fentin. Na wasu na iya, hannu ya ƙi sauran. Gadonka ne, ba ni da ikon hana ka. Kai dai ka aika masa da magana, ko ta sara ko ta bari, in san inda zan ajiye bokitina.

Allah ya yi maka albarka.

Kakarka, wadda ba ta gaji da kai ba tukuna.

Af, amsar. Uwar ƙorama ce, 'ya'yan bishiyoyin gaɓarta. Zanin kuwa ƙasar da saiwoyinsu suka riƙe.