Kududdufin Bayan Gidan Yaya Dije

Litinin, 3 ga Maris, 2014

Alhamdu lillahi. An naɗa Malam Maharazu shugaban kwamitin gyaran tsaftar gari. Shi ya koya min aikin duba-gari. Mutumin da ya ga 'ya'yan sauro a randar mahaifiyarsa, ya tuntsurar da ita ta fashe, tsohuwa na zaginsa yana cewa, "Inna, doka ce." Da wannan labarin aka raine mu a ofis. Yau har takalmina na goge, abin da na manta rabona da yi.

Laraba, 19 ga Maris

Ofis yana nan yadda yake. Injin feshi ya yi tsatsa, babur ba mai, masinja na sayar da goro a kan teburin oga.

Na je wajen Malam saboda raɗe-raɗin za a cike kududdufin unguwarmu a yi shaguna. Duk ruwan saman lungunanmu na Gwale nan yake gangarawa. Gidan Yaya Dije na bakinsa, ginin ƙasa ne, ita kuwa ta goya ni bayan rasuwar Inna. In aka cike, ruwa ɗakinta zai nufa.

Ya riƙe hannuna. "Isiyaku, muddin ina kan kujerar nan, ko kwandon ƙasa ba za a zuba ba."

Na ce wa Yaya ta kwantar da hankalinta.

Talata, 15 ga Afrilu

Tifa ta juye ƙasa a bakin kududdufin. Malam ya ce hanyar motar kwasar shara ake yi. Na yarda. Me zai hana?

Asabar, 10 ga Mayu



Taron unguwa a ƙofar mai unguwa. Malam ya miƙe ya ce gyara ya zo, za a yi shagunan zamani matasa su samu abin yi. Da aka fara gunaguni sai ya nuna ni da yatsa. "Ga duba-garinku nan, ɗan unguwa. Shi ya ce min kududdufin nan matattarar sauro ce. Ko ba ka faɗa ba, Isiyaku?"

Na faɗa. Amma cewa na yi a yashe shi, a kwashe bolar! Na buɗe baki aka sa tafi, 'yan kwamiti suka ja addu'a. Garba ɗan Yaya yana kallona. Tun da masaƙarsu ta rufe, aka kuma hana acaɓa, bakin kududdufin nan yake wuni. Ko kallon zagi ne ko na fata, ban gane ba.

Da bakina aka yanka ni. Da ma wani ne, ba Malam ba.

Litinin, 23 ga Yuni

Bam ya tashi a makarantar da na yi karatun aikin nan. Inna lillahi. Gari ya cika da shingen sojoji, kowa ta ransa yake. Wa zai saurari zancen kududdufi? Tifofi kuwa ba wanda ya tsare su.

Alhamis, 14 ga Agusta

Bayan la'asar aka tsuge da ruwa. Ya zo inda ya saba sauka ya tarar da bulo, ya juyo. Ɗakin Yaya ya zauna, ɗakin da aka haife ni. Garba ne ya fito da ita a goye, ƙafarta ta karye.

Tana gidana. Ba ta yi faɗa ba, gara ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Ai kai ka ce in kwantar da hankalina, ɗan ƙanena."

Lahadi, 24 ga Agusta

Malam ya zo jaje da buhun shinkafa. Ya ce ƙaddara ce, ruwan bana ya yi yawa. Da na raka shi mota ya cusa min makulli a aljihu. "Na Garba ne. Shagon farko, mai kallon titi."

Na so in tambaye shi labarin randar nan, ko da gaske ma an yi. Na kasa. Gobe zan mayar masa da abinsa.

Talata, 2 ga Satumba

Ban samu zuwa ba tukuna. Ayyuka.

Yau na bi ta wajen shagunan, hanya ce kawai ta biyo da ni. Makullin ya buɗe. Ba laifi, zai ɗauki buhunan gari da firji. Garba ya ce zai iya riƙe shagon, wai har ni na tambaye shi.

A bayan shagon akwai duron magina cike da ruwa. Na ɗaga murfin, kamar yadda na saba. 'Ya'yan sauro fal, suna ta wutsil-wutsil.

Na mayar da murfin a hankali.