Yayata tana so in mayar da ita benen Fagge

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya fi ƙarfina.

Ni tsohuwa ce, jikokina ma sun yi aure. A Fagge muka tashi, 'yan shekaru kafin a samu 'yancin kai, a saman wani bene da wani Kwara ɗan Labanan ya gina tun kafin yaƙin Hitila. Ƙasa sito ne na fata da ƙirgi, Baba shi ne akawun Kwaran, sai Kwaran ya ba mu saman. Ɗaki ɗaya ne amma faɗinsa kamar filin ƙwallo, da labule Inna ta rarraba shi, ta tagogin kuma har Kasuwar Sabon Gari muke hangowa. Mutane suna cewa mun ji daɗi, ba su san ƙasan ɗakin katako ne ba, Kwaran kuma ba ya son motsi a kansa. Ba daka, ba gudu, takalmi ma a hannu muke riƙewa. Inna da ta taso a gidan yawa a Borno, kaɗaici ne ya cinye ta a wurin.

A nan ta rasu wajen haihuwa. Baba ya tafi tashar jirgi da kaya, ni ina makarantar allo, Yaya Falmata ce kaɗai tare da ita, ba ta ko isa aure ba. Yaya ta yi ta kira ta taga, hayaniyar 'yan dako ta hana kowa ji. Ita ta riƙe ni daga ranar, kuma ba ta taɓa yarda a yi zancen ba.

Yanzu tana wurina, tsufa ya taɓa mata tunani. Ta manta mijinta, ta manta rasuwar nan, a wurinta Inna tana nan da rai. Sanɗa take yi a falona, tana hana yara gudu wai Kwara zai ji. Kullum da la'asar sai ta yafa mayafi ta ce, "Tashi mu tafi gida, Inna tana jiranmu."

In na ce sai gobe ta yi ta kuka, ta ƙi abinci, duk ta rame. Benen yana nan, an mayar da shi siton atamfa, mai shi ya ce mu zo duk ranar da muke so. Ɗana ya ce a kai ta ko hankalinta zai kwanta, likita ya ce ba shi da tabbas. Ni tsorona kada ta ga tagar nan ta tuna, ta sake rasa Inna, bayan Allah ya ɗauke mata wannan nauyin.

In kai ta ne, ko in ci gaba da cewa gobe? Yanzu haka tana bakin ƙofa tana jirana, takalminta a hannu.