Tantinmu a Gaɓar Gabas

Asabar, 16 ga Agusta, 2008

Ƙafafuna ciwo suke. Bizata ta ƙi sabuntuwa saboda wasannin motsa jiki na duniya da ake yi a ƙasar nan, shi ya sa Alhaji Isufu na Maraɗi ya fito da ni daga unguwarmu ta Xiaobei, nan gabas mai nisa, in sha iska a bakin wani tafki. Sau biyu muka zagaye tafkin muna neman wurin kafa tanti. Na zaɓi gaɓar yamma, don in fuskanci ruwa ina sallah. Ya yi dariya: "Malam Sani, nan alƙibla yamma take!" Shekara uku a ƙasar nan, har yanzu jikina gabas yake nema.

Muka koma gaɓar gabas. Da magariba rana ta narke cikin ruwan. Bayansa Makka, bayan Makka Kano, inda matata Hadiza ke shanya yanzu. Hukumomin nan su kore ni mana. Dama can nake fuskanta kullum.