Kujera Ɗaya Nake Nema a Ɗakin Jarrabawa

Zuwa ga Magatakardan jami'ar da nake karatun digiri na ranakun Asabar da Lahadi,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatan ofishinka.

Sunana Ado, a yankin Makoda an fi sanina da Ado Mai Walda. Garmar shanu nake ƙerawa, da amalanke da ƙofofi. Da ƙyar na gama sakandare, sai da na yi aure na sake zama jarrabawa kafin takarduna su cika. Ba wanda ya kafa ni a sana'a. Da injin aro na fara a gindin darbejiya, yau ina da shagona, magidanta suna ci a ƙarƙashina. Na faɗi haka ne don ka san ba aiki nake nema da digirinku ba.

Makon jiya wani ɗan ajinmu ya turo mini hoton sanarwar da kuka liƙa. Sunana yana cikin waɗanda za a sallama saboda sun wuce shekarun da aka ɗibar musu. Karatun na shekara biyar ne, ni ina ta takwas, kuma darasi ɗaya ya rage mini, ƙididdiga. Na zo ofishinka an ce kana taro, na dawo an ce ka yi tafiya. Shi ya sa na rubuto a fili.

Na farko. Da kuka ɗauke mu, cewa kuka yi tsarin na masu sana'a ne, karatu da jarrabawa duk a ƙarshen mako. Daga baya jarrabawa ta koma tsakiyar mako. Da aka dawo daga yajin aiki kuma, zangon da ake yin ƙididdiga ya gusa har jarrabawarsa ta faɗa daidai faɗuwar damina. Ranka ya daɗe, ko ka taɓa tsayawa ƙofar mai walda a wannan lokacin? Mutum ne zai zo da garma a bayan babur, bakinta ya cinye ko mariƙinta ya karye, ga ƙasa ta jiƙa, ga shanu a ɗaure suna jira. Idan laimar nan ta wuce shi bai yi huɗa ba, gyaɗarsa ta bana ta tafi. Wasunsu tare muka yi firamare, wani mahaifinsa ne ya fara ba ni aiki. Sau biyu jarrabawar tana haɗuwa da wannan layi, sau biyu ina zaɓar shago. Ba tausayi nake nema ba. Ko yau aka maimaita, abin da zan yi ke nan.

Na biyu. Akwai shekarar da na zauna na rubuta, na faɗi. Ni na faɗi, malamin bai zalunce ni ba, lissafin ne ya fi ƙarfina a lokacin. Wannan a ɗora mini. Amma sauran biyun, kafin ranar na je sashenmu na sanar, aka ce ba komai, in dawo baɗi. Ba wanda ya ce mini baɗin nan ana ƙirga mini ita. Watannin da kuka rufe makaranta ma ashe a wuyana aka rataya su. Ni na rufe ta?

Na uku, kuma shi ya fi tsaya mini a rai. Wani ma'aikaci a ofishinka, sa'an ƙanena na uku, ya dube ni ya ce a shekaruna in koma gida in huta, in bar wa yara gurbi. Gurbin wa na tare? 'Yata Rabi ta shiga jami'a bayana, ta gama kafin ni, har ta yi hidimar ƙasa. Ni na biya, kuma ranar bikin yaye su na fi kowa tafi. Yanzu ita ke zaunar da ni bayan la'asar tana koya mini darasin nan, in na kuskure ta ce in sake, in sake kuwa ba gardama. A majalisarmu Ɗalibi suke kirana, kullum sai an tambaye ni yaushe za a ci shinkafar digiri. Dariya nake yi, don jinkiri bai taɓa ba ni kunya ba. A gonata gero yakan riga dawa isowa da nisa, ban taɓa tuge dawar don ta makara ba. Abin da ba zan ɗauka ba shi ne a ce Ado ya ɗauko abu, saura taki ɗaya aka koro shi.

Don haka ina neman abu uku. A cire watannin yajin aiki da shekarun da na sanar daga cikin ƙirgen. A mayar da sunana a ba ni zama ɗaya tak. In na sake faɗi, da ƙafata zan tafi, ba sai an liƙa ni a bango ba. Sannan a duba sauran da ke cikin sanarwar, akwai mata masu goyo da malaman firamare da ba su da bakin rubuta irin wannan.

Ni dai na shirya. Tun rani na ƙera garmuna na ajiye, wanda tasa ta karye ya ari ɗaya ya tafi gona, ƙanena zai riƙe shago. Ko ruwa ya sauka a safiyar jarrabawa, ina nan tafe. Idan kuma aka ce babu wurin zamana a ɗakin, kada wannan ya dame ku. Na riga na haɗa kujera mai teburi da hannuna, har fenti na yi mata. Zan zo da ita a saman mota, ku dai ku nuna mini inda zan ajiye.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon yin adalci, ya sa ka gama da kujerarka lafiya.

Wassalam.

Ado Mai Walda,
ɗalibinku har yanzu.