Ruwan da Na Zuba wa Masarar Dada

Dada,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar taki, yaya Adda Asta da yaranta? Ni lafiya nake a Jidda, ido ne kawai ke ɗan damuna saboda kwamfuta.

Aikina yanzu zuba ruwan sama a hotunan amare da kwamfuta. Maigidana ya ce ruwan ba ya kama da gaske sai na jiƙa ƙasar ma.

Adda ta turo min hoton masararki ta Yolde Pate, duk ta yanƙwane. Na zauna na zuba mata ruwa, har ya kwanta tsakanin kunyoyi. Ya yi kyau, Dada. Na kasa turo miki.

Allah ya saukar muku da na gaske.

Ɗanki,
Bobboyi